Kunun Kanwa a Gidan Sallau

Sallau bai taɓa kiran sunan 'yarsa ba. Ummulkhairi ce 'yarsa ta fari, kuma a gidansu, tun kaka da kakanni, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi, ba ya bari a ga ya damu da shi. In zai yi maganarta sai ya ce "yarinyar nan". In ita ce a gabansa sai ya kalli gefe ya ce "ke". A haka ta girma, a haka aka kai ta ɗakin mijinta Tijjani a Bakura, a haka kuma ta dawo gida Talata Mafara da tsohon ciki, don haihuwar fari a gaban iyaye ake yin ta.

Sai dai gidan babu uwa. Murja, matar Sallau, ta rasu shekarun baya tana cikin jegon autanta. Ƙafafunta ne suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, har rai ya yi halinsa, jaririn ma bai daɗe ba ya bi ta. Tun daga nan duk wanda ya yi wa Sallau maganar aure sai ya ce a bari albasa ta yi kyau tukuna. Shi da samarinsa biyu, Umar da Murtala, suna wuni a gonarsu ta ban ruwa a Bakolori, su dawo su ci abin da ya samu.

Da haihuwa ta matso, sai ya aika Maradun aka zo da yayarsa Nagode. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta tauna masa abinci kafin ya yi haƙora. Mijinta ya rasu a Gidan Goga lokacin da ɓarayin daji suka shiga garin, ta dawo Maradun da zama. Mace ce mai ƙashi, wadda ta yi wa masu jego wanka ba adadi, kuma ba ta son a koya mata aikinta.

Aka haifi namiji. Nagode ta ɗaura ɗamara. Safe da yamma tukunyar wanka tana tafasa a bayan ɗaki, ta tsoma ganyen darbejiya ta riƙa fyaɗa wa maijego har tururi ya turnuƙe gidan. In an fito wanka, ga ƙwaryar kunun kanwa mai kauri, ga romon ƙauri da yajin jego. Sallau yana daga zaure yana jin ƙamshi, hankalinsa kwance, yana cewa a ransa ko Murja na raye iyakar abin da za ta yi ke nan.

Bayan suna ne ya fara jin tari daga ɗakin maijego. Tari ne ƙarami, busasshe, wanda ba ya ƙarewa. Wata safiya ya shigo ɗaukar fartanya, ya hango 'yarsa zaune a bakin ƙofa ta jingina da bango, baki buɗe tana neman iska. Idonsa ya sauka kan ƙafafunta. Sun yi suntum, fatar tana sheƙi. Ya san ƙafafun nan. Ya taɓa ganin irinsu a wannan tsakar gidan, a kan wannan tabarmar. Fartanyar ta suɓuce masa.

A asibiti aka kwantar da ita kwanaki. Likitan, wani siririn matashi mai magana a hankali, ya kira Sallau gefe ya ce masa zuciyarta ce ta yi rauni bayan haihuwa, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a jiki. Ya ce akwai magani, kuma da yawa suna warkewa, amma rabin maganin yana cikin tukunya. Ban da gishiri, ban da dunƙulen magi, ban da mai da yawa. Wankan ruwan zafin nan a sassauta shi.

"Kanwa kuma fa, Baba," in ji shi, "ko warinta kada ta ji. Gishiri ce ita ma, har ta fi."

Sallau ya maimaita maganar a bakinsa tun daga asibiti har gida, kamar yaron da aka aika kasuwa, don kada ko ɗaya ta faɗi a hanya.

Nagode ta saurare shi tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba sai da ya kai aya.

"To, na ji likita. Shi wanga likita, sau nawa ya haihu?"

"Yaya, karatunsa ke nan."

"Ni kuma aikina ke nan tun ba a haifi uwatai ba. Maijego ba kanwa? Mi za ya kore mata sanyi? Mi za ya kawo nono? Murja da kake gani, ƙyuya ta yi wa kunu, tana sha tana zubarwa, sanyi ya shige ta. Ina nan, da idona na gani."

Shi Sallau a hanyar asibiti wani tunani ne ya zo masa game da Murja, cewa ƙila kunun ne ma ya yi ajalinta, amma bai iya furta shi a gaban matar da ta goya shi ba. Ya ce kawai, "Don Allah, Yaya, a gwada nasu."

"A gwada," ta ce. "Amma ni hannuna bai san miyar da ba gishiri ba. In na ɗora tukunya, kafin in tuna na riga na zuba. Ka nemo mai dafawa."

Ta faɗa ne don ta kashe maganar. Washegari da hantsi sai ga Sallau ya naɗe hannun riga ya durƙusa gaban murhu yana hura wuta. Nagode ta riƙe haɓa tana salati.

Ranar farko ya sha wuya. Tuwon ya yi gudaji, miyar kuka ta tsinke ta zama ruwa. A nan ya gane kanwa ta fi yadda yake zato yawa a rayuwarsu. Tana cikin kuka, tana cikin kuɓewa, da ita ake kashe tsamin yakuwa, da ita wake ke nuna, da ita ake kwaɓa ɗanwake. Duk inda ya juya sai ya tarar da ita ta riga shi. Ya tattara ta duka, da gishiri da magi, ya ƙulle a leda ya kai zaure ya sa a ƙarƙashin buhun taki.

Ya kuma yanke cewa tukunya ɗaya za a yi a gidan. Ba zai yiwu yarinya tana cin lami, ƙamshin miyar wasu yana shigar mata ɗaki ba.

Murtala ya kai loma ɗaya ya ajiye hannu. "Baba, wannan miyar an yi mata rasuwa ne?"

"Ci ka gode wa Allah."

"Na gode masa. Amma ko akuya aka ba wannan sai ta nemi a kira mata alƙali."

Umar ya ƙyalƙyale da dariya har ya ƙware. Sallau bai yi dariya ba, yana kallon ƙofar ɗakin maijego. Da Nagode ta fito da kwanon, ya leƙa ya ga an taɓa kaɗan an bari.

Bai yi zuciya ba. Ya riƙa tsayawa wurin mata masu sayar da ganye a kasuwa yana tambaya, suna ba shi amsa suna rufe baki da gyale. Ya koyi jiƙa wake tun daren jiya don ya nuna ba kanwa. Ya koyi soya albasa a ɗan cokalin man gyaɗa, a wuta marar ƙarfi, har ta yi ja ta yi zaƙi. Albasa dai ba a saya masa, gonarsa ce. Ya gane tafarnuwa da citta da ɗan masoro suna tayar da miya, kuma lemun tsami in an matsa a ƙarshe yana rufe gurbin gishiri ko ba duka ba. In zai baro Bakolori sai ya biya wurin masunta ya karɓo karfasa ɗanya, ya dafa ta da tumatir da alayyafo. Ya yi kwaɗon zogale da ƙuli marar gishiri wanda ya sa aka yi masa musamman. Ya yi faten wake da kabewa. Ya daina kawo nama mai kitse, kaza ma sai ya cire fatar.

Unguwa ta samu abin magana. In ya fito masallaci da warin hayaƙi a riga, sai maƙwabcinsa Balarabe ya tare shi.

"A'a, uwargida, an sauke? Yau mi aka dafa muna?"

"Abin da ya fi ƙarfin haƙoranka."

"Ka dai yi aure, Sallau, kafin a fara gayyatarka biki da zane."

Yakan yi murmushi ya wuce. Abin da Balarabe bai sani ba, kullum da safe Sallau yana satar kallon ƙafafun 'yarsa in ta fito wanke fuska, yana yi kamar igiyar akuya yake gyarawa. Kuma ƙafafun suna saɓewa. Idon sawu ya fito. Tarin ya ragu. Kwanon da ake fitowa da shi ya fara dawowa wayam. Rannan yana kwashe tuwo sai ya ji muryarta daga bayan labule, ƙasa-ƙasa, kamar da bango take magana.

"Gwaggo, a ce wa mai girkin nan miyar jiya ta yi daɗi."

Sallau ya sunkuyar da kai cikin tururin tukunya ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce hayaƙi ne ya shigar masa ido, ko da yake ba wanda ya tambaye shi.

Ana cikin haka sai ga baƙi daga Bakura. Hajiya Gimbiya ce, uwar Tijjani, da wasu mata biyu, sun zo duba maijego. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gona da gajiya da jiki. Sallau ya koma madafa don ya sauke musu abinci, kuma daga nan ana jin duk abin da ake faɗa a ɗaki.

"Miƙo mini mijin nawa in gani," in ji Hajiya Gimbiya. Aka miƙa mata jaririn. "Ikon Allah. Nagode, wannan yaron ai kamar ba a ba shi. Dubi wuya kamar na ɗan tsako. Nonon bai zo ba ne?"

"Shina zuwa kaɗan-kaɗan."

"Kaɗan-kaɗan? Tana shan kunun kanwa kuwa?"

"Likita ya hana."

"Likita! Mu da muka sha muka shayar da goma, mutuwa muka yi? Ni dai jikana nake ji. Uwa ta sha magani ta yi ƙiba, ɗa yana bushewa, ina amfanin badi ba rai?"

Ummulkhairi ba ta da bakin magana a nan. Ɗanta ne na fari, a gaban surukarta ko kallonsa ba za ta yi ba. Da aka kai musu abinci, Hajiya ta ɗanɗana ta ture kwanon, ta ce a ƙoshe suke. Sallau ya raka su bakin hanya, ya dawo yana gaya wa kansa cewa maganar tsofaffi ce, iska za ta kwashe. Ya so ya tambaya ko da gaske nonon ya yi kaɗan. Amma wa zai tambaya? Uba ba ya tambayar nonon 'yarsa. Ya ƙara yawan zogale a miya, ya bar maganar a nan.

Lokacin cirar albasa ya zo, aiki ya yi yawa. Sallau yakan dafa na rana tun da sassafe ya rufe, ya tafi gona, sai la'asar ya dawo ya ɗora na dare. Bai daɗe da fara haka ba ya lura tarin ya dawo. Ya duba maganinta, ana sha. Ya ɗaga buhun taki, ƙullinsa na nan yadda ya bar shi. Ya zargi daddawa ya daina sawa. Ya zargi kifin, ya zargi ƙulin, ya zargi hannunsa. Abinci ya koma lami kamar ranar farko, su Murtala suka daina ko tsokana, ƙafafun kuwa kullum ƙara cika suke.

Wata ranar Talata ya ɗauko albasa zai kai kasuwa, sai igiyar buhu ta tsinke a kusa da gida, ya shigo neman wata da hantsi, lokacin da ba a saba ganinsa ba. Tsakar gida ba kowa. A bakin ƙofar maijego ga ƙwarya an rufe da faifai. Ya ɗaga faifan. Sauran kunu ne a gindinta, mai ruwan ƙasa-ƙasa, da ɗuminsa. Ya lakata da yatsa ya kai baki.

Kunun kanwa ne. Ya zauna a ƙasa.

Nagode ta fito daga bayan ɗaki da bokiti, ta gan shi, ta ga ƙwaryar. Ta ajiye bokitin a hankali.

"Yaya," ya ce, "tun yaushe?"

"Tun ranar da mutanen Bakura suka tahi."

"Na roƙe ki. Don Allah na ce."

"Ka roƙe ni, na kuwa bari. Ko ƙwaya ban ba ta ba sai da ita ta roƙe ni." Ta matso ta rage murya. "Kai kana zaure kana barci. Ni nike kwana da su. Yaro ya kama nono ya tsotsa ya saki ya yi ta tsala kuka, ita ta juya ma bango tana nata. Ta kama ƙafata, Sallau. Ta ce Gwaggo, ko rabin ludayi ne, kada ɗan mutane ya lalace a hannuna. In ce mata mi?"

"Da an gaya mini. Da na koma wurin likita, ai ba za a rasa abin da za a ba yaron ba."

"Wa za ya gaya maka? Ita? Kai ba ka iya kama sunanta, ita ba ta iya cewa ɗana a gabanka. Ni kuma na san in na faɗa hanawa za ka yi."

Daga cikin ɗaki tari ya taso, mai tsawo, da wani ƙara a ƙirji kamar ruwa na tafasa. Sallau ya tashi ya je bakin labulen. Shekara ashirin da wani abu bai taɓa tsallake ƙofar ɗakin da 'yarsa take ba. Ya ɗaga ya shiga.

Tana zaune an tokare ta da matasai, fuskarta ta kumbura, leɓɓanta sun yi duhu. Jaririn yana barci a gefenta. Da ta ga mahaifinta sai ta jawo gyale za ta rufe kai, hannun ya kasa kaiwa.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce, tana tsayawa tsakanin kalma da kalma. "Abincinka nake ci. Wallahi ina ci. Kunun kaɗan ne."

Ya durƙusa ya gyara mata gyalen da hannunsa. "Na sani. Ba ki yi laifi ba. Tashi mu tafi."

Ba ta iya tashi ba. Shi ya ɗauke ta, kamar yadda bai taɓa ɗaukarta ba ko tana jaririya, ya fito da ita har bakin titi inda Balarabe ya tsayar da mota. Albasar tana nan zube a hanya, awaki suna shinshinawa.

A asibiti aka sa mata abin numfashi, aka yi allurai. Tijjani ya zo daga Bakura ya tsaya a bakin taga. Sallau ya koma gida sau biyu ya dafo romon kifi ya kawo, ba ta iya sha ba, ya zauna da kwanon a cinya har ya huce. Ranar Alhamis bayan azahar, yana zaune a barandar ɗakin, ya ga ma'aikaciyar jinya ta fito tana neman wani da ido. Da idonta ya tsaya a kansa, ya gane.

Kafin su ɗauki gawar ya tare likitan a hanya.

"Likita, kunun ne? An ba ta kunun kanwa ban sani ba."

Likitan ya tsaya ya dube shi. "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Kunun bai taimaka ba, ya ƙara wa zuciyar kaya. Amma akwai waɗanda ba su sha ko kaɗan ba kuma ta tsaya musu. Ba ni da yadda zan raba maka wannan da wancan."

Aka yi jana'iza kafin magariba. Kwanakin zaman makoki maƙwabta suka yi ta aiko da abinci, murhun Sallau ya huce. Ranar addu'ar bakwai Hajiya Gimbiya ta goya jaririn, ta ce akwai matar ƙanin Tijjani mai shayarwa, za ta haɗa da nata. Ba wanda ya musa. Sallau ya bi bayan goyon da kallo har suka sha kwana.

Washegari Nagode ta ɗaure kayanta za ta koma Maradun. Tun ranar rasuwar ba ta ci abin kirki ba, ta rame, zanenta har yana zamewa. Sallau ya ɗauki ƙullin ya raka ta tasha. Da suka hango motocin sai ta tsaya cak.

"Sallau."

"Na'am, Yaya."

"An ce ka yi magana da likitan." Ba ta kalle shi ba. "Mi ya ce? Kada ka ɓoye mini. Kunun nan ne?"

Ya dubi hannayenta a kan sandarta, hannayen da duk tabon wutar wankan 'ya'yan mutane ne. Maganar likita tana nan a bakinsa, duka biyun, ta farko da ta biyu. Ya san in ya ba ta ta farko, ba za ta kai damina ba.

"Ya ce ko an sha ko ba a sha ba, takan tsaya," ya ce. "Kwana ne ya ƙare, Yaya."

Ta daɗe tana kallon fuskarsa, irin kallon da take yi masa yana yaro in ya dawo da riga a yage. Sannan ta gyaɗa kai a hankali.

"Allah Ya jiƙanta," ta ce.

"Amin."

Ya taimaka mata ta hau, ya miƙa mata ƙullin ta ɗora a cinya. Motar ba ta cika ba, ya tsaya a gefe cikin rana yana jira, ita tana ciki tana kallon gabanta, har direba ya tayar.